Ƙadangaren Raelene Ya Ƙi Cin Abinci

Duk wanda ya san Raelene Penhall a garin Broken Hill ya san ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Mijinta Vince Micallef yakan ce shekara talatin da ɗaya suna tare, bai taɓa ganin ta shanye kofin shayi a zaune ba. Takan kurɓi rabi a kicin, ta kurɓi kaɗan a bakin ƙofa, sauran ya huce a kan murfin mota. Ita kuwa takan ce ba laifinta ba ne. Mahaifinta mai askin tumaki ne, daga wannan gandu sai wancan, iyali na biye da shi a bayan tsohuwar mota. Kafin ta kai shekara goma sha biyu ta zauna a makarantun firamare tara. Ta yi wa masu aski girki tana budurwa, ta sayar da fetur a bakin titi, ta yi wanki a asibiti wata huɗu ta gudu. Sai da ta kai talatin da biyar ta sami aikin da ya yi daidai da ita, wato kai wasiƙu gandayen tumaki na arewacin gari.

Talata da Juma'a take fita. Kilomita ɗari biyar da arba'in a jar ƙasa, gidaje ashirin da uku, ƙofofin shinge arba'in da ɗaya, kowace sai ta sauka ta buɗe, ta wuce, ta sake sauka ta rufe. Sunan aikin wasiƙa ne kawai. Tana kai magani, burodi, kayan gyaran famfo, batirin rediyo, akwai ma ranar da ta kai kek ɗin biki mai hawa uku ɗaure da bel a kujerar gaba. Sauran kwanakin mako kuma tana ƙarƙashin motar ko tana zagayen shaguna tana tattara saƙo. Shekara ashirin da huɗu ta yi a haka.

Wata Juma'a cikin Oktoba ta sauka buɗe ƙofa ta goma sha bakwai, sai kawai ta farka ta ga fuskarta a cikin ƙasa, ƙudaje sun taru a goshinta, motar na ta ƙugi a bayanta. Ta tashi ta karkaɗe jiki, ta ƙarasa zagayenta kamar ba abin da ya faru. Da son ranta ne, da maganar ta tsaya nan. Amma matar mai wani gandu ta ga jini a girarta, ta buga wa Vince waya tun kafin Raelene ta iso gida.

Likita ya ce zuciyarta ce ke tsallake bugu. Aka kai ta asibiti a birnin Adelaide aka dasa mata 'yar na'ura a ƙirji, aka ce wata shida ba ita ba sitiyari. Wani mutum daga garin Wilcannia ya karɓi zagayen wasiƙun kafin a ga abin da hali zai yi.

Makon farko ta fenta shingen gida. Mako na biyu ta ce launin bai yi ba, ta sake. Ta sauya wa gado mazauni sau uku, ta sare rabin bishiyar lemon tsami wai tana tare haske, ta wanke labulen da ba su yi datti ba. Vince, wanda ya yi ritaya daga aikin lantarki a mahaƙar ma'adinai, ba ya son komai a duniya kamar ɗakin aikinsa na bayan gida da rediyonsa mai kawo tseren dawaki. Ya yi ta haƙuri har ranar da ya shiga ɗakin ya tarar ta jera masa kayan aiki bisa tsawo, ta zubar da gwangwanayen ƙusoshin da ya yi shekara ashirin yana tarawa.

"Rae," ya ce, "don Allah ki je ki dami wani. Ko na awa ɗaya ne. Ga Dulcie can, ita ba ta ji sosai, za ta iya da ke."

Dulcie Trembath ita ce maƙwabciyarsu ta tsallaken lungu, tsohuwa 'yar shekara saba'in da huɗu, wadda ta yi rayuwarta tana sharar makaranta. Shekara talatin ke nan tana da lasisin kiwon ƙadangare mai gemu, barandar bayan gidanta cike take da akwatunan gilashi. Ranar da Raelene ta shiga, farkon Janairu ne, zafi kamar a gasa mutum, ta tarar da tsohuwar tsugune gaban wata babbar roba. Ƙwai goma sha tara suka ƙyanƙyashe sati uku da suka wuce. 'Yan ƙadangarun sun hau juna ƙarƙashin fitila, kowanne bai fi ɗan yatsa ba in an cire wutsiya.

Raelene ta san irinsu sarai. Sau nawa ta tsayar da mota ta kori babba daga tsakiyar hanya, yana hura gemu yana buɗe mata baki. Amma ba ta taɓa ganin jariransu kusa haka ba.

"Wancan na lungu fa, me ya same shi?"

"'Yan uwansa suka gutsure masa wutsiya," in ji Dulcie. "Yunwa gare su kamar fara, duk abin da ya motsa sai su kai masa cizo. Ba ta sake tsirowa, ba irin ƙadangaren bango ba ne. In ban raba shi da su ba, gobe yatsun ƙafa za su ci. Ga shi akwatunana duk sun cika."

"Ba ni shi."

Dulcie ta ɗago ta dube ta ta saman tabarau. "Ke? Ke da ko tukunyar fure ba ki taɓa bari ta yi wata ɗaya a wuri guda ba?"

"Na ce ki ba ni shi, Dulce. Me nake yi da ya fi wannan?"

"To nemo lasisi. Kuma sai na ga gidansa da idona kafin ya bar nan."

Vince ne ya cike mata takardar a wayarsa, yana murna a ɓoye. Kwana tara aka yi kafin lasisin ya fito, a cikinsu kuwa Raelene ba ta bar kowa ya huta ba. Ta jawo tsohon kabad ɗin talabijin daga gareji, ta cire ƙofofinsa, ta goge shi da takarda mai yashi har hannunta ya yi kanta. Vince ya huda gefe biyu ya sa raga don iska, ya sa gilashi mai zugewa a gaba. Ya ɗaura ƙwan fitila mai zafi a gefe ɗaya, ya shimfiɗa doguwar fitila mai haske irin na rana a sama, wadda Dulcie ta ce in babu ita ƙashin ɗan ƙadangaren zai yi laushi ya lanƙwashe. Ya kuma haɗa wata 'yar na'ura da ke kashe fitilar in zafi ya wuce ƙima. Rabon da a ga Vince yana fito yana aiki tun yana aikin ma'adinai.

Dutsen shan zafi ne ya kawo rigima ta farko. Raelene ta ce na shago ba dutse ba ne, roba ce aka yi wa fenti. Wata safiya ta saɓa jaka ta taka kilomita huɗu zuwa busasshen rafin bayan gari, ta zaɓo wani faffaɗan dutse da reshen itace, ta ɗauko su a baya da rana tsaka. Ta iso gida fuskarta ta yi jawur, numfashi sama-sama.

"Likita ya ce kar ki ɗaga abin da ya fi butar shayi!" Vince ya daka mata tsawa, abin da bai saba ba. "So kike a tsince ki a rafi?"

"Ai ban ɗaga ba, goyo na yi."

Ta wanke dutsen da ruwan zafi. Reshen kuma ta cusa shi a tandar gashi don ƙwarin da ke ciki su mutu, ranar Lahadi ce kuwa, ranar da suke gasa nama, naman ragon da ya biyo bayansa ya fito yana warin itace.

Rigima ta biyu da Dulcie aka yi ta. Raelene ta cika ƙasan kabad ɗin da jan yashi mai kyau, ta jera duwatsu, abin sha'awa. Tsohuwar ta zo duba aiki, ta sa hannu ta damƙi yashin.

"Kwashe."

"Haba Dulce! A daji a kan me suke kwana, katifa?"

"A daji goma ake ƙyanƙyashewa, tara su mutu, ba mai tambaya. Ke ɗaya gare ki. In ya kai wa gyare cafka ya haɗa da yashi, hanjinsa ya toshe, shi ke nan. Shimfiɗa masa takarda. In ya girma kya yi gayunki."

Raelene ta kwashe tana gunaguni. Dulcie ta ɗora ma'aunin zafi a kan dutse, ta jira, ya nuna arba'in da ɗaya. Ta mayar da shi ɗaya gefen, ya nuna ashirin da bakwai. Ta gyaɗa kai.

"Aikin Vince ya yi. Gobe zan kawo shi."

A robar askirim mai hudojin iska ta kawo shi, ranar Litinin da hantsi, da wata roba cike da gyare. Ta zazzage shi a hankali kan dutsen. Ya tsaya cak, ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya ya juya ta sannu a iska kamar mai gaisuwa. Raelene ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce sunansa Guntu.

"Saurara da kyau," in ji Dulcie. "Sau uku a rana. Kar ki ba shi gyaren da ya fi tazarar idanunsa girma, zai shaƙe shi. Ki zuba su a leda da wannan farin garin, ki girgiza, shi ke ƙarfafa ƙashi. Abin da bai ci ba cikin minti goma ki kwashe, don gyare na cizon su in suna barci. Ganye ki yanka sirara, ki goga kabewa kaɗan, ko bai ci ba ki ajiye ya saba gani. Kuma ki ƙyale shi. Baƙo ne, sai ya kwana biyu kafin ya sake."

Duk Raelene ta ji, ban da na ƙarshen.

Da azahar ta zuba gyare biyar. Suka yi ta tsalle a gabansa, ɗaya ma ya hau bayansa, Guntu bai ko kalle su ba. Ta kwashe. Da la'asar ta sake, haka. Talata ta ce ai dutsen ya yi kusa da fitila, ta matsar. Bayan awa ɗaya ta ce ya yi nisa, ta mayar. Ta kama gyare da hantsaki ta kai masa har baki, ya rufe ido. Ta ɗauke shi a tafin hannu ta duba cikinsa, ta duba bakinsa, ta ajiye, ta sake ɗauka don ta tabbata. Laraba ta ce ƙarar talabijin ce ke damunsa, ta sa Vince suka ja kabad ɗin daga falo zuwa ɗakin baƙi. Da yamma ta ce ɗakin ya cika shiru da duhu, suka jawo shi zuwa kusa da tagar kicin.

A wannan jan ne gwiwar hannunta ta bugi robar gyare. Ɗari biyu ne a ciki, ko sun fi. Suka watsu ƙarƙashin firij, cikin takalma, bayan kujeru. Vince ya bi su da tsintsiya yana zagi da yaren kakarsa ta Malta, wanda ba ya tunawa da shi sai ransa ya ɓaci. Sun kama kamar hamsin. Sauran suka zama 'yan gida, har watan Maris ana jin kukansu daga bayan injin wanki.

Ranar Juma'a, kwana biyar ke nan, Guntu bai sa komai a baki ba. Launinsa ya yi duhu, fatar gefen cikinsa ta yi tattara, ya sauka daga dutse ya lafe a lungu idanu rufe. Raelene ta ɗiga masa ruwa a hanci da ɗan yatsa, ya lasa sau ɗaya ya bari. Ta tsaya tana kallonsa. Ita ta ce a ba ta shi. A wurin Dulcie ko ba wutsiya yana ci.

Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta sa shi a robar askirim, ta zari makullin ƙaramar motarsu daga ƙusa, ta fita. Ta zauna a kujerar direba, ta ajiye robar a gefe, ta tayar da injin. Wata uku rabonta da jin sitiyari a hannu. Ta sa giyar baya, ta duba madubi, sai ta ga Vince tsaye a bayan motar da singileti da silifa, hannuwa a ƙugu.

Ta sauke gilashi. "Matsa, Vinnie. Wurin likitan dabbobi za ni."

"Sauko in kai ki."

"Kai kafin ka nemo tabarau ka ɗaure takalmi ya mutu. Minti biyar ne fa, titi uku!"

"Ko titi ɗaya ne. In kika faɗi a kan sitiyari gaban makaranta fa? Kashe motar nan, Rae."

"Lafiyata ƙalau! An sa mini na'ura, ko ba a sa ba?"

"An sa. An kuma ce wata shida." Ya matso ya dafa murfin but. "Ni za ki yi wa wayo? Yau Juma'a. Tun asuba kike kallon agogo, na san a ranki kina ƙofa ta nawa yanzu. Ki ce kina son tuƙi, kar ki fake da ƙadangare."

Maganar ta soke ta. Ta kashe motar, ta kifa goshi a kan sitiyari, hon ya ɗauki ƙara, ba ta ɗaga ba sai da Vince ya zagayo ya buɗe ƙofa ya kama kafaɗarta.

"Duka biyun ne," ta ce. "Ina son tuƙin, kuma zai mutu a hannuna."

Ƙarar hon ɗin ce ta fito da Dulcie, duk da rashin jinta. Ta tsallako lungu da sandarta, ta buɗe robar, ta ɗaga Guntu ta juya shi, ta matsa cikinsa a hankali, ta duba idanunsa.

"Bai kai ga mutuwa ba. Tsoro ne ya cika shi. Sau nawa kika taɓa shi?"

"Kaɗan."

"Kaɗan?" in ji Vince. "Jiya kaɗai na ƙirga goma sha huɗu. Gidan kuma ɗaki uku ya zaga."

Dulcie ta riƙe baki. "Tabɗi! Ke ko ni aka yi wa haka ai ba zan ci ba. Abu kamar ɗan yatsa, kullum ga ƙaton hannu na saukowa daga sama kamar shaho, ya waiwaya dutsensa ya tashi, ya waiwaya ɗakin ma ya tashi. Ina zai ga ta cin abinci?"

Ta shiga gidan kamar nata. Ta sa Vince ya manne jarida a jikin gilashin, ya bar 'yar tazara daga sama. Ta mayar da Guntu kan dutse, ta zuge gilashi.

"Daga yau zuwa Litinin, Vince ne zai ba shi abinci, don shi ko sauro ya cije shi sai ya yi tunani kafin ya kai mari. Ke kuma ko kicin ɗin nan kar ki shigo sai da dalili. In Litinin ta yi bai ci ba, ni da kaina zan raka ku wurin likita."

"To ni me zan yi har Litinin?"

"Akwatuna goma sha ɗaya gare ni da ke son wanki. Taho."

Raelene ta wanke akwatuna goma sha ɗaya a yini ɗaya. Ta share barandar, ta gyara ƙofar ragar da ta shekara tana lilo, ta kwashe ganyen da ya toshe indararo duk da an hana ta hawa tsani. Kowane rabin awa sai ta leƙa ta saman shinge ta hango tagar kicin ɗinta. Asabar da safe Vince ya zuba gyare, bai ci ba. Da rana ma haka. Ta ce lallai fitilar ce, bari ta je ta duba. Dulcie ta tare ƙofa da sanda, ta miƙa mata wuƙa da tulin ganye.

Lahadi da hantsi tana tsaye a kicin ɗin Dulcie tana goga kabewa, sai ga Vince ya shigo lungu yana tafiyarsa ta kullum, ba sauri. Ya tsaya ya gaida Dulcie, ya tambayi ƙafarta, ya ce zafin yau sai a hankali. Raelene ta ajiye magogi.

"Vinnie, in ba ka yi magana ba zan jefe ka da kabewar nan."

"Ya ci bakwai."

"Bakwai?"

"Na zuba uku ya share. Na ƙara huɗu ya share. Ya ɗanɗana ganye ma, ya tofar."

"Kuma ba ka kira ni ba! Ƙadangarena, cinsa na farko, kana tsaye kai kaɗai kana kallo?"

"Da na kira ki, da kin shigo a guje kin zuge gilashi, ya koma lungu."

Ba ta tsaya jin sauran ba. Ta tsallake lungun da gudu, amma da ta iso ƙofar kicin sai ta cire takalmi ta shiga da sanɗa. Ta leƙa ta tazarar jarida. Guntu na kan dutse, ya baje, cikinsa ya yi tulu, launinsa ya washe ya koma ruwan yashi, bakinsa a ɗan buɗe yana shan zafi. Farin gari ya manne masa a leɓe. Hannunta ya kai kan gilashin da kansa, ta janye shi ta cusa a aljihu. Ta daɗe a tsaye a wurin, tana sauya ƙafa.

Da la'asar Vince ya bar ta ta zuba da kanta, da sharaɗin ta ja baya taku uku. Gyare ya yi tsalle ɗaya, Guntu ya karkata kai ya dube shi da ido guda, ya ruga, harshe ya fito, sai ƙafar gyaren kawai ta gani tana lilo a gefen bakinsa. Raelene ta yi ihu har Guntu ya firgita ya haye reshe. Amma ya sauko ya ci na biyu.

Daga nan ci ya buɗe. Talatin a rana, wata rana arba'in. Ya yi saɓa a sati na uku, fata ta yi fari tana ɓarewa kamar takarda, Raelene ta ruga wurin Dulcie a tsorace, tsohuwar ta kore ta da dariya, ta ce kar ta kuskura ta ja masa, zai zubar da kansa. Aka cire jaridun da ke jikin gilashin ɗaya bayan ɗaya. Ya koyi hawa hannunta in ta shimfiɗa shi a ƙasa ta jira, jiran ne dai har yau bai zame mata da sauƙi ba. Kabad ɗin kuwa Vince ya ɗaure shi da ƙusa a jikin bango, bai gaya mata ba sai ranar da ta zo ja ta ji ya ƙi.

A watan Afrilu suka koma wurin likitan Raelene. Ya duba takardu, ya ce za ta iya tuƙa ƙaramar mota, amma aikin da za ta yi yini guda ita kaɗai a daji, inda ba mai ganin ta in ta faɗi, ba zai sa hannu ba. Raelene ba ta yi musu ba, abin da ya ba Vince tsoro ke nan. Ta ce masa ya tafi da motar, ita za ta taka. Ta bi ta doguwar hanya, ta zaga ta bayan tashar jirgin ƙasa, ta tsaya ta kalli titin da ke fita arewa, ba ta iso gida ba sai da rana ta yi sanyi. Ta wuce kicin, ta yanka ganye, ta girgiza gyare a leda. Kwana biyu ba ta yi maganar ba. A na uku ta buga waya ofis ta ce a bar wa mutumin Wilcannia zagayen, ta kuma zauna, ko in ce ta tsaya, ta rubuta masa shafi shida: wace ƙofa ce ke cizon yatsa, wane kare ne ba ya wasa, wace tsohuwa ce ba za ta ce tana bukatar magani ba sai an tambaye ta.

Matan gandayen suka haɗa mata kwali suka aiko ta hannunsa, da cinyar rago, da kwalaben zuma, da kati mai sa hannu ashirin da uku. Ta karanta sau ɗaya ta sa a aljihun tebur, ta ce ƙura ce ta shigar mata ido.

Yanzu kwana uku a mako tana kai wa tsofaffin gari abincin rana a gidajensu, cikin ƙaramar mota. Gida goma sha shida ne, duk a kan kwalta, takan ce wannan ai ba tuƙi ba ne, yawo ne. Amma ba ta taɓa fashi ba, kuma ta riga ta gyara famfo a gida uku. Ta gaji da sayen gyare, ta fara kiwonsu da kanta a manyan robobi, har masu ƙadangaru na unguwa suna zuwa nema. Guntu ya kai tsawon hannunta daga gwiwa zuwa wuyan hannu, ya koma cin ganye fiye da ƙwari, in ya ga baƙo sai ya hura gemu ya yi baƙi ƙirin.

Ni mai ba ku labarin nan, ranar da na je gidan a watan Nuwamba, na tarar da ita a bayan gida da tef ɗin awo, tana taka ƙasa tana kafa turaku. Ta ce kabad ya yi masa kaɗan, fili za ta kewaye masa a waje da kwano da raga, ya sha rana ta gaskiya lokacin zafi. Vince na zaune a inuwa da rediyonsa, yana kallon inda turakun ke dosa.

"Rae, nan fa tumatirina ne."

"Nan ne rana ta fi faɗawa da safe."

"Shi ya sa na shuka su a nan."

"Rabi kawai zan ci. Tashi ka riƙe mini bakin tef ɗin, Vinnie, ka zauna kamar an dasa ka."

Vince ya dube ni, ya rage ƙarar rediyo, ya tashi yana neman silifansa.